Daga karar Potiskum zuwa Ballyhaunis

Ni ɗan dillali ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi sama da shekara 30 yana dillancin shanu a karar Potiskum, kuma tun ina ɗan shekara tara nake bin sa duk ranar Laraba, ina riƙe masa igiya da buta. A wurinsa na koyi dafa gadon bayan sa in ƙiyasta namansa, na koyi buɗe bakin saniya in duba haƙora, na koyi bambance bunaji da rahaji da bokolo tun daga nesa. Kullum faɗansa shi ne in daina kallon ƙaho, in kalli cinya. Boko a sakandare na tsaya, abin bai dame ni ba ko kaɗan, don na ɗauka a karar nan zan tsufa kamar yadda ya tsufa.

A farkon watan Mayun 2012, wata ranar Laraba, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar. Suka yi ta harbi, suka cinna wuta, mutane da dama suka mutu, dabbobi suka ƙone a ɗaure. Baba yana cikin waɗanda ba su fito ba. Ni kuwa ya aike ni gida da kuɗin cefane tun da la'asar, ya ce in jira shi. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa ban dawo ba, kamar dawowata za ta hana ƙaddara.

Shekara biyu da suka biyo baya ba sai na faɗa wa mutanen Yobe yadda suka kasance ba. Na kasa shiga kara, ko ƙaurin gashi na ji sai jikina ya ɗauki rawa. Inna ce ta yanke shawara. Ta sayar da filin da Baba ya bari da shanunta huɗu, ta ɗaure kuɗin a gefen zane ta miƙo mini, ta ce: "Auta, tafi. Gara in ji muryarka a waya da in je duba ka a maƙabarta." Daren da zan tashi mata suka cika tsakar gidanmu, ana addu'a ana kuka ƙasa-ƙasa. Labarin hanya ba zan ba da shi a nan ba. A watan Nuwamban 2014 na sami kaina a Dublin, babban birnin Ayilan, na nemi mafaka. Bayan 'yan makonni aka zuba mu a bas aka nufi yamma da mu.

A hanya na ga allo an rubuta Mayo. Gabana ya faɗi, don a bakin Fulanin da na tashi cikinsu mayo kogi ne. Daga baya na ji su Meyo suke cewa, kuma a harshensu na asali yana nufin filin wasu itatuwa. Garin da aka sauke mu shi ne Ballyhaunis, ana furta shi Balihonis, a gabashin yankin Mayo. Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa a lokacin ba su kai 2,500 ba. Babban titi guda, wasu 'yan tituna da suka tashi daga dandali, tashar jirgin ƙasa, coci mai tsini a kan tudu, da wani ɗan rafi da ake kira Dalgan.

A lokacin doka ba ta yarda mai neman mafaka ya yi aiki ba. Ana ba ka wurin kwana da abinci, sai Yuro 19 da santi 10 a mako. Mutumin da ya saba fita tun asuba ya dawo da ƙura har gira, sai ga shi zaune a bakin gado yana kallon ruwan sama a gilashin taga. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi duhu ya riga ya rufe. Na koma barcin rana, da dare idona biyu. Idan na fita, kaina a sunkuye yake, daga masauki zuwa shagon da nake sayen katin waya, daga shagon zuwa masauki. Da za a tambaye ni launin ginin da ke kallon shagon, wallahi ban sani ba. Ina ganin garin tamkar tashar mota ce da aka ce in jira a cikinta, kuma ba wanda yake tambayar tarihin tasha.

Abu ɗaya ya riƙe ni, masallaci. Ban taɓa zaton zan tarar da shi a wannan lungun ba. Wani ɗan kasuwa ɗan Pakistan mai suna Sher Rafique, wanda ya kafa masana'antar naman halal a garin tun shekarun 1970, shi ya gina shi a 1987, kuma shi ne gini na farko a duk ƙasar da aka ɗora tubalinsa da niyyar masallaci. Saboda aikin naman nan iyalai daga Pakistan da Siriya suka zauna a garin, har sun haifi 'ya'ya da jikoki masu magana da karin harshen Mayo. A can nake Juma'a. Azumin 2015 ya faɗo a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, muka riƙa kai kusan awa 19 da baki a rufe. Duk da haka watan ya fi mini sauran sauƙi, don ina da abin da nake jira kowace rana.

A farkon 2016 yayata ta kira ni da asuba. Inna ta rasu. Ciwon kwana uku. Kafin gari ya waye a nan an riga an kai ta. Ba ni da takardar fita, ko da ina da ita ba ni da kuɗin jirgi. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ina jin hayaniyar gidanmu ta waya, ina jin muryoyin da na sani suna cewa a ba Auta haƙuri. Liman ya yi mata addu'a bayan Juma'a, 'yan'uwa suka yi mini ta'aziyya, Allah ya saka musu. Amma da na koma ɗaki sai wani tunani ya zauna mini a ƙirji: matar nan ta sayar da duk abin da ta mallaka don in zo in zauna a bakin gado. Na daina cin abinci sosai. Na daina zuwa masallacin ma. Akwai dararen da na yi tunanin abin da bai halatta Musulmi ya yi tunaninsa ba, kuma ina rubuta wannan ne a fili don na san akwai masu irin daren nan yanzu haka. Likitan da aka kai ni wurinsa ya ba ni magani, ya kuma ce dole in riƙa fita ina tafiya kowace rana, ko ana ruwa.

Wurin tafiya mafi kusa shi ne harabar wani tsohon gidan ibada na Kirista da ke kan ɗan tudu a bakin rafin, da manyan itatuwa da tsohuwar maƙabarta. Na yi kwanaki ina zuwa bakin ƙofa ina juyawa, ina ganin bai dace da ni ba. Da na ga mata masu hijabi suna shiga da 'ya'yansu wurin lilo, sai na shiga. Na sami wani benci na mayar da shi nawa.

A bencin nan na haɗu da dattijon. Ya haura 80, da hula irin ta manoman can, da sanda, da hannaye kamar saiwar kuka. Kwana biyu yana gaishe ni da ka, a rana ta uku ya zauna. Bai tambaye ni me ya kawo ni ƙasarsu ba. Cewa ya yi: "Yaro, mene ne sana'ar babanka?" Na ce dillalin shanu ne. Sai ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce nasa uban ma haka.

Ranar muka kai awa biyu. Ya ba ni labarin yadda garin yake yana yaro, kafin a gina kasuwannin gwanjo. Ranar kasuwar dabbobi a kan titi ake cin ta. Manoma su taso tun tsakar dare suna koro shanu a ƙasa daga ƙauyuka, kafin gari ya waye babban titin nan da nake bi kaina a sunkuye ya cika maƙil da dabbobi, masu shaguna su kafa katako a gaban tagoginsu kada sa ya fasa gilashi. Mai saye ya taya, mai kaya ya juya baya kamar an zage shi, mai saye ya yi kamar zai tafi, sai mai shiga tsakani ya ruga ya kamo hannunsa, ya kamo na ɗayan, ya raba bambancin biyu. In an daidaita, a tofa yawu a tafi a tafa hannu da ƙarfi. Ina jin sa ina ganin Baba a tsakiyar kara da rawaninsa, wannan yana cewa albarka, wancan yana cewa ƙaro, shi kuma yana jan hannun riga yana cewa a sallama don Allah. Na gaya wa dattijon haka muke yi, har da fushin ƙaryar. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce bayan an biya, mai sayarwa yakan mayar wa mai saye wani ɗan abu daga cikin kuɗin, don dabbar ta yi masa albarka, kuma wanda ya hana wannan sunansa ya ɓaci a yankin. Na ce: "Baba, mu gyara muke ce masa." Ya sa na maimaita kalmar har ya iya. Tun ranar nake kiran sa Baba, na kuma bayyana masa abin da kalmar take nufi a wurinmu.

Shi ya buɗe mini garin kamar yadda ake kwance ƙunshi. Ya ce sunan a harshen Ayilan Béal Átha hAmhnais ne, farkonsa na nufin bakin mashigi, wato inda mutane da dabbobi ke ƙetare ruwa. Gidan ibadar da muke zaune a harabarsa na wasu masu zuhudu ne mabiya tafarkin Agustin, kuma bisa abin da aka gada an kafa shi a 1348, garin kuma a gindinsa ya tsiro. Na lissafa a raina, shekara guda ke nan kafin Sarki Yaji ya hau gadon Kano. Masu zuhudun sun riƙe wurin a zamanin da mulkin Ingila ya takura wa 'yan Katolika, ana korar su suna dawowa, har sai 2002 da suka rasa matasan da za su gaje su, suka tattara suka bar wa jama'ar gari harabar. Ya nuna mini duwatsun kaburbura da ruwan sama ya cinye rubutunsu, ya nuna mini na matarsa, wanda shi ne yake kawo shi kullum. Wata rana ya kai ni wani fili a wajen gari inda wani dogon dutse yake tsaye, an tsattsaga gefensa da layuka kamar shasshawa. Ya ce rubutu ne, ogam ake kiran sa, ya girmi gidan ibadar da ɗaruruwan shekaru.

Amma abin da ya fi taɓa ni a tashar jirgin ƙasa ya faɗa mini shi. Jirgi ya iso garin tun 1861, kuma ya ce aikinsa mafi yawa shi ne kwashe 'ya'yan mutane. A zamanin kakanninsa, idan saurayi ko budurwa za su tafi Amurka, daren ƙarshe sai a taru a gidansu a kwana zaune, a ci a sha, a yi waƙa a yi kuka, daidai yadda suke yi wa mamaci, don an san uwa ba za ta sake ganin wannan fuskar ba. Zaman makokin Amurka suke ce masa. Shi kansa daga wannan tashar ya tashi zuwa Ingila yana ɗan shekara 19, ya yi shekaru yana haƙa rami da ɗaukar siminti, ana hana shi hayar ɗaki da zarar an ji karin harshensa. Yana can mahaifiyarsa ta rasu, saƙon bai same shi ba sai da aka binne ta. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, a gaban mutane, a bakin dogo. Tun rasuwar Inna ban yi kuka irin wannan ba. Bai ce in yi shiru ba. Ya dafa kafaɗata ya bar hannunsa a wurin har na gama.

Da bazara ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa muka nufi bakin teku. Muka wuce Knock, ƙauyen da ke kusa da mu, inda mutum 15 suka ce sun ga Nana Maryamu a jikin bangon coci ranar 21 ga Agustan 1879, yanzu ya zama wurin ziyarar da Paparoma biyu suka taka, a 1979 da 2018. Ya san ba aƙidata ba ce, bai kuma matsa mini in shiga ba. Inda yake son kai ni shi ne Murrisk, a gindin dutsen Croagh Patrick mai tsayin mita 764. A can akwai wani jirgin ruwa na tagulla da aka ƙaddamar a 1997 don tunawa da babbar yunwa. Daga nesa kamar igiyoyi ne suka zagaye shi. Da ka matso sai ka ga ƙasusuwan mutane ne, a miƙe, suna shawagi daga wannan sanda zuwa waccan. Ya ce daga 1845 cuta ta riƙa ruɓar da dankali a cikin ƙasa shekara bayan shekara, alhali shi kaɗai ne abincin talaka, don gonakin na manyan masu ƙasa ne, hatsi da dabbobi kuma na biyan haya ne, ana ta lodin su a jirage ana fita da su. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka tsallaka teku, da yawa suka mutu a cikin jiragen. Yankin Mayo kaɗai ya sauko daga kusan mutum 389,000 a 1841 zuwa kimanin 274,000 a 1851. Na tsaya ina kallon jirgin, ina ƙirga samarin da na sani da suka bi ta Agadas suka shiga kwalekwale a Libiya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A wurin na karanta musu Fatiha.

Daga nan na fara ɗaga kai idan ina tafiya. Na lura da tsofaffin sunayen iyalai a saman shaguna. Na gane ƙaurin da nake ji da yamma na wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa daga fadama su busar su ƙona a murhu, har na taya Baba jera ta a gonarsa. Na gano gidan rediyon yankin, Midwest Radio, a garin yake, kuma kullum yana karanta sanarwar rasuwa, kowa ya yi tsit yana saurare, kamar yadda ake kasa kunne a gidajenmu. Ƙidayar 2016 ta nuna kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna Ballyhaunis baƙi ne, babu garin da ya kai shi a ƙasar. Ba zan ce kowa yana murna da hakan ba, an taɓa jefa mini magana daga cikin mota, kuma ta yi mini ciwo. Amma waɗanda suka gaishe ni sun fi yawa nesa ba kusa ba. Na koma masallaci. Na shiga ajin koyon Turanci da na daɗe ina gudu.

A 2017 Baba ya ce in raka shi kasuwar gwanjo ta Balla, zai sayi 'yan maruƙa. Shekara biyar rabona da shiga cikin shanu. A bakin ƙofa warin kashi da fitsari ya buge ni, ƙafafuna suka yi sanyi, na ce masa ba zan iya ba. Ya ce to mu tsaya a nan. Muka tsaya kusan rabin awa, bai ƙara cewa komai ba. Sai na yi bismillah na shiga. Shanunsu ba tozo, galibi ba ƙaho, kowanne da alamar roba ruwan ɗorawa a kunne da takardar shaidarsa, ana auna su a sikeli, mai gwanjo yana zuba magana kamar ruwan ƙanƙara. Duk wannan baƙo ne a wurina. Amma da na miƙa hannu ta cikin ƙarfe na dafa bayan wani jan maraƙi, hannuna ya tuna komai. Na ce: "Baba, bar wancan mai kyan fuska, ƙafarsa ta baya ba daidai take ba. Ɗauki wannan." Ya duba, ya sake dubawa, ya saya. Bayan shekara guda da ya sayar da shi da riba, ya zo har bencinmu, ya kamo hannuna, ya tafa da ƙarfi, ya bar mini sulen Yuro biyu a tafi. Ya ce: "Gyara." Da Hausa ya faɗa.

A 2018 doka ta canza, aka ba irinmu damar aiki. Na sami aiki a wata masana'antar nama, ina fiɗa da cire ƙashi a ɗakin sanyi. Aiki ne mai cin kafaɗa da yatsu, amma albashina na farko da ya shigo na tura wa yayata rabinsa, na ce a yi wa Inna da mahaifina sadaka. A 2019 aka ba ni izinin zama. Abokaina da yawa suka koma Dublin da Galway. Na yi tunani sosai, na zauna.

Dattijon ya rasu a farkon 2021, a tsakiyar annobar korona, lokacin da aka taƙaita masu shiga jana'iza zuwa mutum 10. A rediyo na ji sunansa ina shirin fita aiki. Mutanen yankin sun samo dabara a lokacin: kowa ya fito ya tsaya a bakin titi, nesa da juna, motar gawa ta wuce a hankali. Na nemi izini a wurin aiki, na sa farar rigata da hula, na tsaya a daidai dandalin da ya ce a nan mahaifinsa yake tsayawa ranar kasuwa. Ana yayyafi. Da motar ta zo, 'yarsa da ke biye a baya ta hango ni, ta sauke gilashi ta ɗaga mini hannu. Bayan mako biyu ta aiko mini da sandarsa.

A 2022 na je gida karo na farko. Yayata ta kai ni maƙabarta, ta tsaya tana waige-waige, don kaburburan sun yi yawa kuma damina ta baje tudun. Daga ƙarshe ta ce tana jin nan ne, kusa da wata bishiyar dogonyaro. Na durƙusa na yi addu'a. Ranar Laraba kuma na shiga kara da ƙafata, na gaisa da abokan Baba da suka rage, suka riƙe ni suna kuka.

Yanzu ina da mata da ɗiya guda, mai sunan Inna. Idan aka kawo sababbin baƙi daga wajenmu, ina gane su tun daga tafiyarsu, kai a ƙasa, hannu a aljihu. Ranar Asabar nakan je in fito da mutum ɗaya ko biyu, mu fara daga dandali, mu gangara gada, mu hau tudun tsohon gidan ibadar, mu ƙare a tashar jirgi. Asabar ɗin da ta wuce wani yaro ne ɗan Damagaram, bai fi wata biyu da zuwa ba. Duk tafiyar bai ce uffan ba. Da muka zauna a bencin, na jingine sandar, na tambaye shi sana'ar babansa. Ya daɗe yana kallon rafin kafin ya ce manomi ne, gero yake nomawa, kuma bana ba wanda zai taya shi girbi.